Baba Amos Ya Rasu Kwana Huɗu Kafin Ya Ba da Shaida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ma ya samu gefe ya shimfiɗa tabarmarsa a cikinta, ni Husseina, maman Khairat, a madadin maigidana Malam Rilwanu da 'yarmu, nake sanar da 'yan'uwa mazauna unguwannin Abbasiya da Ard al-Liwa a nan Alƙahira, da duk wanda ya taɓa hawo mana bene hawa huɗu ya tarar ana wani gunji a falonmu, rasuwar faifan garmahonmu, wanda muka fi sani da Baba Amos.

Ya rasu ranar Juma'a da hantsi a kan teburin kicin, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai minti biyu ba. Ya bar duniya yana da shekara tamanin da ɗoriya, saura kwana huɗu cif ya tsaya gaban likita ya ba da shaida a kan 'yata. Ina so a riƙe wannan lissafin na kwana huɗu, domin daga nan haushina ya faro.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, faɗinsa kamar murfin tukunyar miya. Sunansa faifai, amma bai taɓa rufe ƙwarya ba. Mun same shi ne shekara biyu da suka wuce, a ƙasan kabad ɗin falo, shi da akwatin garmahon da ake ɗora shi a kai, lokacin da muka kama wannan gida da kayansa. Na mijin mai gidan ne, Madam Mahasin, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Da na tambaye ta yadda zan yi da su, sai ta yarfe hannu ta ce, "Ki jefar, ya binti, 'yata, ko ki riƙa ɗora tukunya a kai." A tsakiyarsa akwai jar takarda da ta koɗe, abin da kawai nake iya karantawa a jikinta shi ne sunan mai busar, Amos Tillery. Abin da yake busawa wani ƙahon tagulla ne mai dogon hannu, ana ja ana turawa, Turawa na ce masa turombon. Kiɗan kuma jaz ne na zamanin kakanninsu. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin dai wani tarkace ne da ke cinye mini wurin ajiye kwanuka.

Khairat tana da wata goma sha huɗu na gane ba ta juyowa in an kira ta. Na yar da faranti a bayanta, ba ta motsa ba. Mikrobas, ƙananan motocin hayar Abbasiya, waɗanda ham ɗinsu ke ta da matacce, ba su taɓa ta da ita daga barcin rana ba. Muka kai ta gwaji, aka ba mu takarda mai layuka biyu a kwance a can ƙasa, alamar kunnuwan ba sa ji, aka ce mu yi haƙuri. Daga gida ma haƙurin aka yi ta aiko mana ta waya, safe da yamma, har na tsani kalmar.

Wata ranar Laraba ina share kabad, na ce bari dai in ga ko abin nan yana aiki kafin in fitar da shi. Na jona wuta, na ɗora faifan, na sauke allura kamar yadda na taɓa gani a talabijin. Ya fara da shhhh, ƙarr-tik, ƙarr-tik. Sai wata murya ta taso daga can ƙasa, kamar tsohon bijimi yana ba da labarin ƙuruciyarsa.

Wuuuum. Waaa-wum. Wuuuuuum.

Khairat tana zaune ta ba akwatin baya, tana cin ayaba. Ta saki ayabar. Ta juyo.

Na ɗage allurar, ta koma ga ayabarta. Na sauke, ta sake juyowa. Sau biyar na yi haka, a na shida ban iya ganin allurar ba saboda hawaye.

Daga wannan rana marigayin ya zama ɗan gida, kuma ba zan hana shi yabon da ya cancanta ba don ina fushi da shi. Minti bakwai yake yi in an ɗora shi, bai taɓa ragewa ba. Bai taɓa cewa ya gaji ba, ko da an maimaita shi sau huɗu kafin a gama ba Khairat kunu. Mai natsuwa ne, ba ya gaggawa, kowace kalma sai ya ja ta ya ajiye kafin ya ɗauko wata. A wuri ɗaya yake tuntuɓe, wajen minti na biyar, ya ce tik, ya tsallake, ya ci gaba kamar dattijon da ya yi tari a tsakiyar nasiha. A gabansa Khairat ta koyi ɗora tafin hannu a jikin akwati ta tsaya cak. A gabansa ta fitar da sautin farko da ta yi da niyya. Ba mama ta ce ba, ba abba ba. Wum ta ce. Na yi kishi na kwana guda, na haƙura.

Ni kuma na ɗauke shi mutumin kirki. Na zaci wani bawan Allah ne da duniya ta yi wa zafi, ya shiga ɗaki ya yi kukansa a cikin ƙaho. Sau da yawa in ina yanka albasa nakan ce, Baba Amos, ni da kai mun san abin da muka sani.

Abban Khairat ɗalibin hadisi ne, kuma kun san maganar kiɗa a wajensu. Bai taɓa hana ni ba. Cewa ya yi lalura ce, amma lalurar Khairat ce, ba tasa ba. Saboda haka duk lokacin da na ɗauko faifan, sai ya ɗauki littafinsa ya fita baranda ya ja ƙofa. Fiye da shekara haka muke, ko ana zafin Agusta.

Makon jiya aka haɗa mu da wata likitar kunne, Doktora Israa. Khairat ba ta yarda a sa mata abin gwaji a kai, da ta ga ɗakin take fara ihu, don haka gwajin bai nuna komai ba. Na nuna wa Doktora bidiyon da na ɗauka a waya. Ta kalla sau biyu ta ce mai yiwuwa inuwar hannuna yarinyar ta gani, ko girgizar ƙasa ta ji a jikinta. Muryar Baba Amos kuwa wayar ba ta kama ta ba, shhhh kawai ake ji da ham ɗin titi. Amma matar ba ta sallame ni da haƙuri ba, Allah ya saka mata. Ta ce, "Ki kawo shi ranar Talata, ya madam, shi da akwatinsa, in gani da idona. In har tana jin muryoyi masu kauri, to akwai saura a kunnen, mun san inda za mu fara da na'ura da koyon magana. Kuma shekarunta ba sa jiran kowa."

Ke nan ni kaɗai ke cewa 'yata tana ji, kuma shaidana ɗaya ne a duk faɗin Alƙahira.

Yanzu ga yadda ajali ya zo. Ba zan ɓoye hannuna a ciki ba. Khairat tana mura tun Laraba. Ranar Juma'a da safe ta yi atishawa a kan faifan, ta kuma bi da harshe, domin haka take gaisawa da abin da take so. Duk wanda ya san ni ya san ba abin da yarinyar nan ke taɓawa da ba na gogewa da sibirto, wato ruwan barasar nan na kashe ƙwayoyin cuta da ake sayarwa a kowane kantin magani. Hannun ƙofa, cokali, takalmin 'yar tsana. Na kuma ce mutumin da zai je gaban likita bai kamata ya je da majina a fuska ba. Na jiƙa auduga sosai. Na goge gaba, na juya na goge baya, domin ni ba na yin aiki rabi.

Audugar ta fito baƙa ƙirin. Na zaci dattin shekara tamanin ne, har na ji daɗi, na ƙara wata. Sai na ji yatsuna suna mannewa. Siraran layukan nan da allura ke bi sun narke sun haɗe, kamar alewar da aka manta a rana. Na ruga na ɗora shi. Ya ce shhhhhh. Na jira wum. Ya ce shhhhhh har allura ta zame ta faɗi gefe.

Ga ƙarata ta farko a kan marigayin. Shekara guda da wata huɗu muna tare, kullum bakinsa a buɗe minti bakwai bakwai, bai taɓa gaya mini jikinsa ba ya son barasa ba. Wanda aka ce a gidajen shaye-shaye irinsu suka yi rayuwarsu, ɗigon sibirto a auduga ya gama da shi.

Ranar Asabar na goya Khairat, na rungumi akwatin da gawar, na tafi wajen Amm Fadl, wani dattijo mai gyaran rediyo a lungun bayan tashar metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Ya karɓi faifan da hannu biyu, ya sunsuna, ya dube ni ta saman tabarau.

"Sibirto?"

Na ce e.

"Ya binti, wannan ai ba roba ba ce. Ƙaro ne. Da ruwa kawai kika sa, da ya binne mu duka."

Ya karkata shi wajen haske ya ce akwai ɗan zobe siriri kusa da jar takardar da audugata ba ta kai sosai ba. Ya jona akwatin, zai sauke allura, sai ya tsaya yana kallon wani ɗan maɓalli a gefe mai lambobi uku, wanda ni na zata ado ne.

"Wa ya sa shi a talatin da uku?"

Na ce haka muka same shi.

"Tun yaushe kuke jin sa haka?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya goge ido, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya ce irin wannan faifan a saba'in da takwas yake gudu, wato ya zagaya sau saba'in da takwas a minti, mu kuwa mun sa shi yana jan ƙafa da abin da bai kai rabin saurinsa ba. Kafin in buɗe baki ya murɗa maɓallin ya sauke allura.

Para-pap-pap, pa-raaa, pap-pap, wa-wa-wa-wap.

Jama'a, dariya ce. Wani matashi ne mara kunya yake tsalle a cikin ƙaho, ganguna na bin sa a guje. Amm Fadl har ya fara kaɗa ƙafa. Ya ce, "Kiɗan rawa ne, ya binti. Suwing. Maza da mata, takalma masu sheƙi. Minti uku ne duka duka." Khairat tana bayana, kunnenta bai fi taku ɗaya da akwatin ba. Ko gezau.

Daƙiƙa ashirin ya yi yana wannan shashanci, sai ya koma shhhh. Amm Fadl ya ɗago allurar, ga baƙin ƙaro ya naɗe a bakinta kamar zare. Zoben ya riga ya yi laushi, allurar ta nome shi a tafiya ɗaya. Ya ce, "Ma'alish," wato dai in yi haƙuri.

Wannan ita ce ƙarata ta biyu, kuma ta fi ta farko ciwo. Dattijon da na yi wa kuka a gaba, na ba shi amanar 'yata, ashe ɗan rawa ne, mu ne muka sa masa rawani. Kuma numfashinsa na ƙarshe, wanda da an ja shi a hankali zai kai kusan minti guda a gaban Doktora Israa, ya isa yarinya ta juya sau biyu, a shagon gyaran rediyo ya kashe shi yana ƙyaƙyata.

Da na dawo na haɗu da Madam Mahasin a kan matattakala, na ba ta labari. Ta dafa ƙirji ta ce ai da wannan faifan ita da marigayin mijinta suka yi rawa a makon aurensu, ta san saurinsa sarai. Na ce to me ya hana ta faɗa, alhali fiye da shekara tana jin gunjinsa ta silin? Ta ce, "Wallahi na zaci ku 'yan Najeriya haka kuke son kiɗanku." Ban shigar da ƙara a kanta ba, saboda tsohuwa ce kuma gidanta ne.

Da la'asar ɗin nan Abban Khairat ya ɗauki waya ya zauna neman wani kwafin. Bai samu ba. Sai ya juya ga tarihin mutumin, ya bi shi yadda suke bin masu ruwayar hadisi, wa ya ji daga wa, a wane gari, a wace shekara. Na kawo abin da ya samo a nan domin ba a binne mutum ba tare da an faɗi aikinsa ba.

Tsakanin 1936 da 1941, sau goma sha ɗaya Amos Tillery ya shiga ɗakin ɗaukar faifai. Sau goma a cikinsu a ƙungiyar wasu ne, yana layin baya, ƙaho na uku, ba a ba shi ko layi ɗaya ya busa shi kaɗai ba. A biyu ma ba a rubuta sunansa ba, masu bincike ne suka ce wataƙila shi ne. Sau ɗaya tak aka ɗauki faifai da sunansa, wata rana da shugaban makaɗan bai zo ba, ga ɗaki an riga an kama, aka ce wa na baya ya matso gaba. Waƙa biyu suka yi kafin yamma. Kamfanin ya rushe kafin shekara ta zagayo. Bayan 1941 ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ko ranar mutuwarsa babu wanda ya rubuta. Muryar faifan nan kuwa ba ta ko'ina a intanet, sunansa kawai ke cikin wani jeri.

Malam ya ajiye wayar ya ce, "Majhuli ne, wanda ba a san halinsa ba. Ruwaya ɗaya gare shi, kuma ta hannunmu ta biyo."

Na ce sunan waƙar fa, wanda ya koɗe?

Ya sosa gemu, sannan ya fassara mini. "Kar Ki Dogara da Ni."

To. A rubuce yake a goshinsa tun ranar farko. Na janye rabin ƙarata ta farko. Rabi kawai.

Marigayin ya rasu ya bar akwatin garmaho guda, lafiyarsa ƙalau amma ba shi da abin faɗa. Ya bar allura ɗaya, da rigarsa ta takarda mai yagaggen gefe. Ya bar ni. Ya kuma bar Khairat, 'yar shekara biyu da rabi, wadda tun Juma'a take zuwa ta ɗora tafin hannu a jikin akwatin, ta ce wum, ta jira, ta ɗago ta dube ni. Kwana biyu ba ta shanye kununta ba. Duk wanda ke ganin wasa ne a yi wa faifai ta'aziyya, ya zo ya tsaya a gaban wannan kallon.

Har zuwa jiya Lahadi na ɗauka bai bar magaji ba.

Bayan azahar ina kicin ina wanke-wanke, sai na ji shi. Wuuuum. Waaa-wum. Kofi ya suɓuce mini. Na bi muryar har baranda. Malam Rilwanu ne, da jallabiyarsa ta zuwa darasi, durƙushe a ƙasa, ya cusa kansa cikin shuɗin bokitin da nake jiƙa kayan Khairat, ya rufe baki yana gunji daga ƙirji. Bokitin na ƙara wa muryar kauri har ana jin ta a tafin ƙafa. Na tsaya a bakin ƙofa. Ya ja ta tiryan-tiryan, ba a saurin 'yan rawa ba, a namu. Da ya kai wajen minti na biyar sai ya ƙyasta harshe, tik, ya tsallake, ya ci gaba. Har tuntuɓen ya haddace.

Ta ƙofar barandar ina hango Khairat a falo, ta ba mu baya, hannunta a kan akwatin da ba ya magana. Ta sauke hannun. Ta juyo. Ta tako har inda ubanta yake, ta ɗora tafinta a jikin bokitin, ta ce wum.

Da ya fito da kansa, fuska duk gumi da kumfar sabulu a gemu, na ce, "Abban Khairat, ba kai ne mai fita baranda ba?"

Ya ce, "Ƙofar nan ba ta da kauri. Kuma kunnen da ya saba hadda ba ya neman izini."

Na ce maganar kiɗa fa?

Ya ce, "Wane kiɗa? Murya ce da bokiti. Ban taɓa ganin malamin da ya yi saɓani a kan bokiti ba."

Ni dai ban yarda da abu don ya yi mini daɗi ba, na koyi darasi. Na ɗora Khairat a kan katifa don kada a ce girgizar ƙasa ce. Na sa labule tsakaninsu don kada a ce inuwa ce. Mun gwada sau shida. Ta juya sau biyar, a na shidan tana fama da ɗaurin takalminta.

Tsarin jana'iza.

Za a yi ta yau Litinin bayan la'asar, a gidanmu da ke Abbasiya, hawa na huɗu, kuma lif ba ya aiki. Ba za a yi wa marigayin wanka ba, domin wankan ne ya kashe shi. Za a mayar da shi cikin rigarsa ta takarda, a naɗe shi da tsohon zanen goyon Khairat, a kwantar da shi a saman kabad, inda hannun yaro da audugata ba za su kai ba. Madam Mahasin, wadda ta ce in ɗora tukunya a kansa, ta nemi a bari ta riƙe shi minti ɗaya kafin a hau da shi, kuma an amince. Amm Fadl ya aiko da haƙuri, an karɓa, amma ba a gayyace shi kusa da maɓallin ba. Za a bar shi a talatin da uku.

Masu zuwa ta'aziyya kada su zo da turare mai barasa. Kada kuma wani ya ce mini in yi haƙuri, ina da wanda aka aiko daga gida ban gama amfani da shi ba.

Game da yafiya, an ce a yafe wa mamaci kafin a rufe shi. Na yi ƙoƙari. Na yafe masa rawar, tunda sau ɗaya aka ce ya matso gaba a rayuwarsa, kuma ban ga laifin wanda ya yi murna a irin wannan rana ba. Kwana huɗun nan ne ban yafe ba tukuna. Sai na ji abin da Doktora Israa za ta ce.

A ƙarshe, gobe Talata da misalin ƙarfe tara na safe, duk ɗan'uwan da ya ga wani ɗalibi mai gemu a cikin metro, ya fasa darasinsa, rungume da shuɗin bokiti, matarsa a gefe da yarinya a goye, muna roƙo kada ya tambaye shi komai. Ya matsa masa kawai ya zauna. Shaida zai je bayarwa, kuma ana so ya isa da numfashinsa.

Sanarwa daga Husseina, maman Khairat, a madadin iyalan marigayin.